Tsibirin Kiyos da Ƙaron Mastika

Kiyos tsibiri ne na ƙasar Girka da ke Tekun Ajiyan, kimanin kilomita 7 daga gaɓar Turkiyya, kuma shi ne na biyar a girma cikin tsibiran ƙasar. Mazaunansa sun kai kimanin 50,000. Abin da ya fito da sunansa shi ne mastika, wani ƙaro mai ƙamshi da ake samu daga wata gajeriyar bishiya, wadda ko da yake tana tsirowa a wurare da dama na yankin Bahar Rum, kudancin Kiyos ne ya shahara da noma ta domin ƙaronta.

Ƙauyuka 24 ne ke wannan sana'a. Da bazara manoma sukan share gindin bishiyar, su shimfiɗa farar ƙasa, sannan su tsattsaga ɓawonta. Ƙaron yakan ɗiga ƙasa ya daskare cikin makonni biyu zuwa uku, a tsince shi, a wanke, mata kuma su ɗauki watannin hunturu suna kankare shi ƙwaya-ƙwaya da ƙaramar wuƙa, aikin da ke buƙatar haƙuri fiye da ƙarfi. Ana tauna shi kamar cingam, ana sa shi a kayan zaƙi, da magani, da turare. Tun 1938 ƙungiyar manoman ce ke sayar da shi, kuma a 2014 UNESCO, hukumar raya ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya sana'ar cikin al'adun gado na duniya.

Kusan duk wanda ya mulki tsibirin, ƙaron nan ne ya fi jan hankalinsa. 'Yan kasuwar Jenowa ta Italiya sun riƙe tsibirin daga 1346 zuwa 1566, a zamaninsu ne kuma aka ƙarfafa ƙauyuka irin su Mesta da Pirgi, inda gidaje suka manne da juna har bayansu ya zama ganuwa, domin tsoron 'yan fashin teku. Daga nan Daular Usmaniyya ta Turkiyya ta karɓe shi, Turkawa ma da sunan ƙaron suke kiran tsibirin. A 1822, lokacin yaƙin 'yancin Girka, sojojin daular suka kashe dubban mazaunansa, suka bautar da wasu dubbai. Tsibirin ya koma hannun Girka a 1912.

A tsakiyarsa akwai Niya Moni, gidan ibadar Kiristoci na ƙarni na 11, wanda UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 1990.