Waiwaye: yadda likitocin unguwa suka haɗa kai suna bincike a ɗakunansu

Yawancin abin da ke cikin littattafan likitanci a manyan asibitocin koyarwa aka gano shi, alhali fa ba can mutane suke zuwa ba idan jiki ya motsa. Wani likita mai suna Kerr White ya fito da wannan ƙarara a 1961, da ya duba alƙaluman Amurka da Birtaniya. Cikin manya 1,000 a wata guda, kusan 750 sukan ji wani ciwo, 250 su je wajen likita, 9 a kwantar da su, amma mutum 1 tak ne yake kaiwa asibitin jami'a. To kun ga kenan a kan wannan mutum ɗaya ake gina ilimi, sai a ce wa likitan unguwa ya yi aiki da shi a kan sauran jama'a.

Tun kafin White ma akwai waɗanda suka gane. Will Pickles likitan ƙauye ne a Aysgarth, cikin kwarin Wensleydale a arewacin Ingila, shi da matarsa kullum sai sun rubuta wa ya kamu da me, a wane ƙauye, a wace rana, kuma da yake ya san kowa ya san wa ya je biki gidan wa, haka ya bi sawun wata annobar shawara har ya ƙiyasta kwanakin da cutar take ɗauka a jiki kafin ta bayyana. Littafinsa ya fito a 1939. Ni wannan mutumin yana burge ni gaskiya, ba lab ba komai, biro ne da takarda da sanin jama'a.

Amma likita ɗaya marasa lafiyarsa ba su da yawan da za a yanke hukunci a kansu. Shi ya sa aka fara haɗa ƙarfi. Kwalejin likitocin gama-gari ta Birtaniya da aka kafa a 1952 ta soma tattara rahoton mako-mako daga ɗakunan likitoci a shekarun 1960, musamman don sa ido kan mura, Holan ma ta kafa nata a 1970. A Amurka sai ga ƙungiyoyin bincike na likitocin unguwa, COOP ta jami'ar Dartmouth da kuma ASPN a farkon shekarun 1980, ita ASPN ta haɗa likitocin Amurka da Kanada. Tsarin ASPN mai sauƙi ne, ɗan kati likita yake sawa a aljihu yana cikewa duk lokacin da ya ga irin ciwon da ake bi. Da shi suka duba ciwon kai da yawan tura mutane hoton CT, da ɓarin ciki da tambayar ko dole ne kowace mace a yi mata wankin ciki. Likitocin yara ma suka kafa tasu, PROS, a 1986, kuma ita ce a 1997 ta duba 'yan mata sama da 17,000 ta nuna alamun balaga suna zuwa da wuri fiye da yadda littattafai suka ce.

Inda abin ya fi jan hankalina shi ne lokacin da suka daina tsayawa a ƙirga cuta kawai. An lura sakamakon bincike yana daɗewa sosai kafin ya shiga aikin yau da kullum, har wani ƙiyasi na shekarar 2000 ya ce shekara 17 yake ɗauka. Sai ƙungiyoyin nan suka koma tambayar kansu, wa ya fi iya aikin nan a cikinmu, kuma ya yake yi? A Oklahoma, ƙarƙashin Dokta James Mold, sukan nemo asibitin da ya fi kowa kula da masu ciwon suga ko yin rigakafi, su je su ga dabararsa, sannan a tura ma'aikaci ya zauna da sauran ya taya su gyara tsarinsu, tun daga yadda ake ajiye fayil har zuwa wa zai kira mara lafiyar da bai dawo ba. Wannan dabarar ta tura mai taya gyara asalinta daga Oxford ne a farkon shekarun 1980, kan rigakafin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. A 2015 hukumar AHRQ ta gwamnatin Amurka mai kula da bincike kan ingancin kiwon lafiya ta zuba dala miliyan 112 a shirin EvidenceNOW, don taimaka wa ƙananan asibitoci kusan 1,500 kan hawan jini, kitse a jini, asfirin da daina shan taba.

Matsalar da ba ta taɓa barinsu ba ita ce kuɗi. Masu ba da tallafi suna biyan bincike guda ne, ba sa son biyan albashin mai kula da ƙungiya tsakanin wannan aiki da na gaba, wanda kuwa shi ne yake riƙe da zumuncin likitocin. ASPN da duk sunanta ta durƙushe a 1999 saboda haka, sai ƙungiyar likitocin iyali ta Amurka ta kafa wata a madadinta. Yanzu kuma ga manyan kamfanonin asibiti suna ta saye ƙananan, likitan da a da shi kaɗai zai ce na yarda a yi bincike a ɗakina, yau sai ya jira izini daga ofishin da bai taɓa ganin marasa lafiyarsa ba.