Tumatirin gado ba ya canja kama don an dasa shi kusa da wani iri

Jama'a wannan maganar ta daɗe tana yawo, wai in ka dasa tumatirin gado, wato tsohon iri da manoma ke ajiyewa ana gadonsa, irin su Brandywine, kusa da wani tumatir daban to 'ya'yan bana za su gauraye, launi da ɗanɗano duk su canja. Wallahi ba haka bane, kuma yana min ciwo in ga mutum ya haƙura da iri mai kyau saboda wannan tsoron.

Furen tumatir namiji da mace duk a cikinsa suke, yawanci shi ke yi wa kansa barbara, iska ta ɗan kaɗa shi ma ya isa. Ko ƙwaro ya kawo garin fure daga wata shuka, naman tumatirin na uwar shukar ne, ƙwayoyin irin dake ciki ne kaɗai zasu canja, sai baɗi in ka shuka su sannan zaka ga bambanci.

To in iri kake son ajiyewa, ka samu ƙyalle shara-shara ka ɗaure reshen furen tun bai buɗe ba, kana ɗan girgiza shi da safe, da ka ga 'ya'ya sun fito ƙanana ka kwance ka ɗaura zare a wurin don kar ka manta wanda zaka ciri iri a jikinsa.