Ba a hana sayar da garin yaji ba: abin da sashe na 258 ya ce game da algus da gubar dalma

Kwana huɗu gwaggona ba ta fita da tirenta ba, ita da ko zazzaɓi ba ya hana ta zaman kasuwa. Shekara da shekaru tana ƙulla yaji a nan Garwa, a arewacin Kamaru: na tsire daban, na jego daban, ga garin citta, ga na kurkum. Da na je dubo ta sai na tarar ta cusa kayan ƙarƙashin gado ta lulluɓe da tsohon zane.

"Ɗan nan, kai ba ka ji ba? An ce gwamnati ta hana niƙaƙƙen yaji, wai akwai gubar dalma a ciki. Duk wanda jandarma suka kama da shi, shekara uku ne, babu beli."

Na ce, "Gwaggo, wa ya ce?"

Ta miƙo mini waya. Saƙon murya ne na WhatsApp, wani mutum yana ta ɗaga murya kamar mai shela. Bai faɗi sunansa ba, bai faɗi kasuwar da aka ɗebi yajin ba, bai faɗi inda aka auna shi ba, balle lambar dokar da yake ta ambato. Abin da ya fi nanatawa shi ne a tura wa 'yan'uwa. An kuwa tura.

Babu dokar da ta hana niƙa barkono ko sayar da garinsa a Kamaru. Abin da muke da shi ita ce doka mai lamba 2018/020 ta ranar 11 ga Disamba, 2018, wadda ta shimfiɗa ƙa'idojin lafiyar abinci, kuma ta hau kan kowa tun daga manomi da mai injin niƙa har mai shigo da kaya, dillali da mai tire. In ma akwai abin da zai haɗa gwaggo da jami'ai a tirenta, to siririyar ledar nan ce da aka hana tun 2014, ba abin da ke cikinta ba. Shekara ukun da mai saƙon yake tsorata mutane da ita kuwa daga wani wuri ya tsinto ta: sashe na 258 na kundin hukunta laifuka, wanda aka sabunta a ranar 12 ga Yuli, 2016. Sashen ma ya girmi sabuntawar, yana nan tun cikin tsohon kundin 1967.

Sai dai ruwa ba ya tsami banza. Dalma a cikin kayan yaji gaskiya ce, ba ƙirƙirar mai saƙon ba. A Bangaladash an daɗe ana goga wa saiwar kurkum wani launi ruwan ɗorawa na masu fenti, wanda aka haɗa shi da dalma, don ta yi sheƙi ta yi tsada. A 2019 masu bincike sun sami dalmar a kashi 47 cikin ɗari na kurkum ɗin da suka ɗebo a kasuwa. A Amurka, daga ƙarshen 2023 zuwa farkon 2024, mutum fiye da 500, akasarinsu ƙananan yara, aka ba da rahoton dalma ta hau a jininsu bayan sun sha wani haɗin tuffa mai kirfa da aka yi a ƙasar Ikwado. Irin wannan launin aka tarar a cikin kirfar. Mu kuwa ba ma buƙatar a kai mu nesa kafin mu san gubar dalma. Kowa ya ji abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda yara aƙalla 400 suka rasu saboda ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gari, har a injinan da ake niƙa hatsi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma da za a kira mara illa a jikin mutum, kuma cikin yaro yana zuƙe ninki huɗu zuwa biyar na abin da cikin babba zai zuƙa. Tana taɓa ƙwaƙwalwa, tana maƙalewa a ƙashi, tana fitowa ta shiga jini lokacin da mace take da juna biyu. Duk wanda ya san yawan yajin da mai jego take ci a kwana arba'in ya san wannan ba maganar wasa ba ce.

To me sashen ya ce? Sakin layinsa na farko kan mai algus ne: wanda ya gurɓata abincin mutane ko na dabbobi, ko abin sha, ko magani, wanda aka yi nufin sayarwa, ko kuma ya ajiye kayan da ba su da wani amfani sai yin wannan gurɓatawar. Hukuncinsa ɗaurin wata uku zuwa shekara uku, da tarar sefa 5,000 zuwa 500,000. Ka ga ke nan shekara uku ita ce ƙololuwa, ba ita ce mafari ba, kuma alƙali ne yake yanke ta bayan an yi shari'a, ba wanda ya tsaya a kanka a kasuwa ba. Maganar "babu beli" kuwa ba ta cikin sashen ko kaɗan. A lura kuma, algus ba sai da guba ba. Mai haɗa garin barkono da dusa da jan launi don ya yi auki ya shiga ciki, ko da launin na abinci ne, tunda ya sayar da abin da ba shi ba ne.

Sakin layi na biyu shi ne mai ruɗa mutane, kuma shi ne ya hana gwaggo barci bayan na karanta mata. Ya ce hukunci iri ɗaya ne a kan wanda ya riƙe, don sayarwa, abinci ko abin sha ko magani wanda aka gurɓata, ko ya lalace, ko yake cutar da lafiyar mutum. Ta ce, "To ai shi ke nan, ɗan nan. Ni buhu nake saya. Ina na san abin da aka zuba masa a can?"

Tambayarta a kan hanya take. Idan aka karanta wannan layin shi kaɗai, sai a ɗauka duk wanda aka sami mugun kaya a hannunsa ya tafi kurkuku, ya sani ko bai sani ba. Amma ba a karanta sashe shi kaɗai. Sashe na 74 na kundin nan ya kafa ƙa'idar da sauran suke tsaye a kanta: ba a ɗora wa mutum alhakin laifi irin wannan sai ya aikata shi da gangan, da niyya. Yadda na fahimci haɗuwar sassan biyu, sai mai gabatar da ƙara ya nuna cewa mai sayarwa ta san kayan nan gurɓatattu ne ko masu cutarwa, amma ta ci gaba da riƙe su don ciniki. Matar da ta sayi buhun citta a farashin da kowa yake saya, a wurin dillalin da kowa ya sani, ba ta ga wata alama ba, ba ita ce sashen yake nema ba.

Kada kuma a mai da "ban sani ba" laya. Sani ba sai mutum ya furta da bakinsa ake gane shi ba. Wanda aka kawo masa garin kurkum a rabin kuɗin saiwarsa, ya karɓa bai yi tambaya ba, zai sha wuyar gamsar da alƙali. Haka wanda jami'i ya gaya masa kayan nan an auna su an sami guba, ya ɗauke su ya kai kasuwar ƙauye ya karyar da farashi. Daga ranar da aka gaya masa ya zama mai sani. Akwai kuma sashe na 289, wanda ba ya neman niyya: idan sakaci ko ƙin bin ƙa'ida ya jawo mutuwa ko mummunan rauni ga wani, ana iya ɗaure mutum daga wata uku zuwa shekara biyar. Sannan rashin sani yana iya kare mutum daga kurkuku, amma ba zai sa a bar masa kayan da aka tabbatar da gubarsu ya ci gaba da aunawa mutane ba.

Wani maƙwabcin gwaggo mai sayar da attarugu ya ce shi ba ruwansa, ai an cire kayan miya daga dokar. Rabin gaskiya ya ji. Abin da sashen ya keɓe shi ne ɗanyun 'ya'yan itatuwa da ɗanyun kayan lambu da suka ruɓe ko suka yi tsami, domin tumatir ya ruɓe a zafin Garwa ba laifin kowa ba ne, kuma mai saye yana gani da idonsa. Barkonon da aka shanya aka niƙa ya daina zama ɗanye. Ragowar sashen gajere ne: a ƙwace kayan idan har na mai laifin ne, a lalata su da kuɗinsa, kotu kuma tana iya ba da umarnin a bayyana hukuncin ga jama'a. Ga ɗan kasuwa mai suna, wannan na ƙarshen ya fi tarar zafi.

Ita tarar ce ma take ba ni mamaki. Sefa 500,000 ga mai shigo da kaya mota-mota kuɗin shayi ne, ga mai tire kuwa ko 5,000 ɗin ciniki ne na yini guda ko fiye. Ga kuma kalmar "mai cutar da lafiya", wadda ido ba ya iya yanke mata hukunci. Tarayyar Turai, tun 2021, ta sa iyakar dalma a busasshen kayan yaji: miligiram 1.5 a kilo ɗaya ga saiwoyi irin su citta da kurkum, miligiram 2 ga ɓawo irin kirfa. Kirfar da ta cutar da yaran Amurka an auna wani kasonta an sami miligiram 5,110 a kilo. Tazarar da ke tsakanin waɗannan lambobi ita ce tazarar da ke tsakanin ɗan abin da shuka ta zuƙa daga ƙasa da abin da hannun mutum ya zuba da gangan. Amma duka biyun ba su da wari, ba sa canza ɗanɗanon miya, tafasa kuma ba ta kashe su tunda ƙarfe ba ƙwayar cuta ba ne. Sai na'ura. Wa ya fi kusa da na'ura, gwaggo ko wanda ya yi odar kwantena? Hukumar ANOR mai kula da ma'auni da inganci tana nan tun 2009, ma'aikatar kasuwanci kuma tana da jami'an yaƙi da algus. Inda ya kamata a fi ganinsu shi ne bakin iyaka, manyan rumbuna da injinan niƙa. Haka Bangaladash ta yi. Hukumar abincinta ta shiga babbar kasuwar sari ta Daka, babban birnin ƙasar, da na'urar aunawa ta hannu da kotun tafi-da-gidanka, ta sa manyan dillalai suka biya tara a gaban jama'a, ta lilliƙa sanarwa ko'ina. Zuwa 2021 kashi 47 ɗin nan ya koma sifili. Ba su bar jaki suna dukan taiki ba.

Mai saye kuma fa? Guda ya fi gari aminci: a sayi barkono, citta, kimba, masoro da kanumfari yadda suke, a wanke, a shanya a kan tire ko tabarma mai tsabta, a daka a turmi. Kada a shanya a bakin kwalta, ko kusa da masu fasa tsofaffin batiran mota, domin can ne ƙurar dalma take. Kurkum yana da nasa sharaɗin, tunda a Bangaladash jikin saiwar aka shafa wa launin, ba garin kaɗai ba: saiwa ta gaskiya bayanta a dushe yake, sai an karya ta ake ganin launinta. Wadda take ƙyalli tun daga waje tana barin hoda a tafin hannu, a bar ta. Idan injin za a kai, a san abin da yake niƙawa, musamman a yankunan da ake haƙar zinariya. Yaro kuma da yake samun wake, zogale, kifi, nono da ɗan nama, jikinsa ba ya zuƙar dalma kamar na mai ƙarancin jini ko mai zama da yunwa.

Mai saƙon muryar ya manta da abubuwa biyu da suka fi yaji kusa da mu. A 2014 an gwada tukwanen alminiyom 29 da aka ƙera a nan Kamaru daga narkakken bola, gwangwani da sassan injin da makamantansu, aka ga da yawansu suna sakin dalma a cikin ruwa mai tsami idan an tafasa shi. Miyar yakuwa da kunun tsamiya ke nan. Na biyu kwalli ne irin na dutse mai ƙyalli, wanda ake rangaɗa wa jarirai tun kafin suna. Wannan dutsen shi ne ainihin ma'adinin da ake fitar da dalma daga cikinsa. Yaron da aka ga ya yawaita ciwon ciki, kasala ko fushi ba dalili, a kai shi asibiti a faɗa wa likita ana zargin dalma, domin gwajin jini ne kawai yake tabbatar da ita.

Gwaggo ta koma kasuwa rana ta biyar. Kurkum ɗin buhu ta daina ɗauka a niƙe, saiwa take saya ta kai injin da kanta. Na saya mata ƙaramin littafi, jikarta tana rubuta mata ranar da ta yi sari, wurin wa, buhu nawa, a nawa. Na kuma gaya mata duk wanda ya zo ya ce zai kwashe mata kaya, ta tambaye shi daga wace ma'aikata yake, ya ba ta takardar abin da ya ɗauka da sa hannunsa.

Ta ce, "Idan kuma ya ce in ba shi na goro a kashe magana fa?"

Na ce, "Ki kira ni, Gwaggo."