Waiwaye: Yadda sandar golf mai kan guduma ta tashi daga haramci ta koma hannun zakaru

A watan Fabrairun 2024, ana tsakiyar gasar Genesis a Los Angeles, ɗan wasan golf Rory McIlroy ya zauna da masu sharhin talabijin, hira ta gangaro kan Scottie Scheffler. A lokacin Scheffler ne na ɗaya a duniya. Daga bugun farko har zuwa farfajiyar rami babu mai kama ƙafarsa, amma da zarar ƙwallo ta hau gajeriyar ciyawar da ke kewaye da rami sai al'amari ya dagule masa. A kakar 2023 shi ne na 162 a jerin iya tura ƙwallo rami. McIlroy ya ce shi dai zai so ya ga Scheffler ya gwada sandar turi mai kan guduma. Bayan mako uku Scheffler ya fito gasar Arnold Palmer riƙe da TaylorMade Spider, sanda mai kan guduma, ya cinye da tazarar bugu biyar. Mako na gaba ya ɗauki gasar Players, a Afrilu ya ɗauki Masters, ɗaya daga manyan gasanni huɗu na golf, a Agusta ya rataya zinaren Olamfik a Paris.

Ga wanda bai saba da wasan ba, doka ta yarda ɗan golf ya ɗauki sanduna 14, kuma ɗaya ce kawai aikinta ba ɗaga ƙwallo sama ba ne, sai dai mirgina ta a ƙasa zuwa ramin da faɗinsa inci 4.25 ne. Wajen kashi 40 cikin 100 na bugun da mutum zai yi a zagaye guda da ita zai yi. Gida biyu ta kasu. Akwai mai siririn kai, ɗan ƙarfe miƙaƙƙe marar tudu a baya. Akwai kuma mai kan guduma, wadda kanta ya yi ƙeya ya miƙe can baya, wani rabin da'ira, wani murabba'i, wani da fikafikai. Masu tallar kaya na son a ɗauka cewa ta biyun sabuwar fasaha ce. Ba haka ba ne. Ta haura shekara ɗari, kuma yawancin rayuwarta ta yi ta ne tana fama da tsangwama.

Sandunan turi na farko a Sikotilan na itace ne masu dogon hanci da ɗan kauri. Bayan zuwan ƙwallon gutta-percha (wani irin ƙaron itace) mai tauri a 1848 ne siraran kawunan ƙarfe suka yi ta samun shiga. A ƙarshen ƙarni na 19 wani injiniya a Sunderland mai suna William Mills ya fara zuba kawunan alminiyom masu siffar tsofaffin na itace, suka karɓu sosai. (Shi ne dai Mills ɗin da ya ƙera gurnetin da sojojin Birtaniya suka yi yaƙin duniya na farko da shi.) Babu wanda ya ɗaga wa sandunansa gira, domin ƙotarsu a dunduniyar kai take, inda ido ya saba ganinta.

Rigima ta taso ne daga Amurka. A 1902 Arthur Knight, injiniya a kamfanin General Electric da ke garin Schenectady a jihar New York, ya ƙera wani kan alminiyom mai kusurwa huɗu, ya soke ƙotar kusa da tsakiyarsa maimakon dunduniya. Sunan garin ya bi sandar. Bayan shekara biyu ta yi suna a hannun Walter Travis, haifaffen Ostireliya da ya zama ɗan Amurka, wanda bai fara golf ba sai da ya kai kusan shekara 35, har ake masa laƙabi da Tsoho. Travis ba shi da dogon bugu, turi ne makaminsa, kuma da ya isa Ingila a 1904 don gasar 'yan sha'awa ta Birtaniya a filin Royal St George's sai makamin ya dakushe. Wani ɗan ƙasarsu ya ara masa Schenectady. Da ita ya bi abokan karawarsa ɗaya bayan ɗaya, a wasan ƙarshe ya kayar da Edward Blackwell, mutumin da ya fi shi nisan bugu nesa ba kusa ba. Shi ne baƙo na farko daga ƙetare da ya ɗauki wannan kofi, kuma masu masaukinsa ba su ɓoye ɓacin ransu ba.

A 1910 hukumar R&A ta St Andrews, mai tsara dokar golf a wajen Amurka, ta haramta sanduna masu kan guduma, ta haɗa har da masu ƙota a tsakiya. An daɗe ana cewa ramuwar gayya ce kan Travis. Labarin na da daɗin ji, amma shekara shida ce tsakani, kuma abin da ya tayar da maganar kai tsaye wasiƙa ce daga wani kulob a New Zealand, Nga Motu, da ya tambaya ko ya halatta a tura ƙwallo da ƙaramar gudumar wasan kroke, wasan da ake buga ƙwallo da guduma a kan ciyawa. Hukumar ta ce a'a, daga nan ta shimfiɗa ƙa'idar cewa sanda ba za ta kauce wa siffar da aka gada aka kuma saba da ita ba. A lura da hujjar: ba a ce sandar na ba mai ita fifikon da ya wuce kima ba, an ce ba ta yi kama da sandar golf ba. Hukumar Amurka, USGA, ta ƙi bin sahu a kan Schenectady. Haka aka zauna da doka biyu, sandar da ta halatta a New York haramun ce a St Andrews, har sai da ɓangarorin suka daidaita dokokinsu, haramcin ya faɗi a 1952.

Doka ta sauka, amma kunya ba ta sauka ba. Gwarzon zamanin, Bobby Jones, da siririyar sandarsa Calamity Jane ya share manyan kofuna huɗu a 1930, kuma ita ce siffar da kowane yaro ya taso yana gani a matsayin sandar gwani. Mai kan guduma ta zama ta wanda hannunsa ya fara rawa. Billy Casper ne ya fi kowa ƙaryata wannan zato, don da ita ya ci US Open ta 1959 a Winged Foot da turi 114 kacal a zagaye huɗu, amma bai sauya ra'ayin jama'a ba.

Abin mamaki, wanda ya share mata hanya bai shahara da ƙera ta ba. Karsten Solheim, haifaffen Norwe, shi ma injiniyan General Electric ne kamar Knight, ya fara ƙera sandunan PING a garejin gidansa a 1959. A 1966 ya fito da Anser, siririya ce, sai dai ya rarake bayan tsakiyarta ya tura nauyin zuwa dunduniya da ɗaya ƙarshen. Dalilinsa shi ne dukan abin da ake taƙama da shi a yau. Idan ƙwallo ba ta daki tsakiyar fuskar sanda ba, kan yakan ɗan murɗe, ƙwallon ta rasa ƙarfi ta kuma kauce layi. Gwargwadon nisan nauyi daga cibiyar kai, gwargwadon turjiyarsa ga murɗewa. Ɗan garuwar da ya rataya garwa biyu a bakin sanda hagu da dama ba ya iya juyawa farat ɗaya, alhali da ruwan a kansa yake da ya juya ba wahala. George Archer ya ci Masters ta 1969 da Anser, kuma da haƙƙin mallakar ƙirar ya ƙare a 1984 kusan kowane kamfani ya kwaikwaye ta.

To, in dai nisanta nauyi daga cibiya shi ne sirrin, siririn kai na da iyaka, don hagu da dama kawai yake da su. Kan guduma na da baya. Ana iya yin gangar jikinsa da alminiyom marar nauyi, a dasa ƙarfe mai nauyi irin tungsten a kusurwoyin baya. Ga kuma faɗin saman kai, fili ne na zana layin saiti. A ganina wannan na biyun ya fi na farkon tasiri ga ƙwararru, waɗanda da ƙyar suke kuskure tsakiyar fuska. Inda fuskar sanda ta kalla lokacin haɗuwa da ƙwallo shi ke yanke kusan dukan alkiblar da za ta bi, kuma lissafin ba shi da tausayi: daga ƙafa 10, kuskuren digiri ɗaya ya kai ƙwallo gefen bakin rami, daga ƙafa 12 kuwa ta wuce.

Kan saiti aka fara cin kasuwa. Ram Zebra mai zane-zanen layuka a ka ta yi suna bayan Ray Floyd ya ci Masters ta 1976 da ita da tazarar bugu takwas. Dave Pelz, tsohon masanin kimiyya a NASA, ya jera siffar ƙwallaye uku a bayan fuskar sanda a tsakiyar shekarun 1980, USGA ta soke samfurin da tsawonsa zuwa baya ya fi faɗinsa. Wannan ƙa'ida na nan har gobe: daga dunduniya zuwa ƙarshen kai dole ya fi daga fuska zuwa ƙeya, kada faɗin ya wuce inci 7, kada tsayin ya wuce inci 2.5. Nick Faldo ya ci Masters ta 1996 da Odyssey Rossie, ita ma mai kan guduma. A 2001 kamfanin Odyssey, wanda Callaway ya saya a 1997, ya ɗauko dabarar Pelz ya rage ta zuwa fararen da'ira biyu masu girman ƙwallo, ya kira ta 2-Ball. Mai wasa zai jera ƙwallaye uku a layi, biyu na zane ɗaya ta gaske, ya tura. Ta yi kasuwar da ta tilasta wa sauran kamfanoni shiga layi, TaylorMade ya fito da Spider a 2008.

Akwai abin da ke faruwa a ƙarƙashin ƙafa duk tsawon wannan lokaci. Da USGA ta zagaya filayen Amurka a 1977 da ma'aunin santsin ciyawa na Stimpmeter, matsakaicin mirginawar ƙwallo ya kama ƙafa 6.5. Yau a manyan gasannin Amurka ƙafa 12 ko fiye ba labari ba ne. A ciyawa mai nauyi sai an ɗan daki ƙwallo da wuyan hannu, kuma sanda marar nauyi ce ta dace da hakan. A ciyawa mai santsi kuwa wuyan hannu abokin gaba ne, kafaɗu ake so su yi lilo a hankali, kai mai nauyi da ba ya rawa shi ya fi. Shi ya sa kawunan yau suka kai gram 350, wasu ma sun haura.

Sai rikicin jingina. Tsakanin Agustan 2011 da Afrilun 2013, huɗu daga cikin manyan gasanni shida sun tafi hannun masu jingina ƙarshen doguwar sanda a ciki ko a ƙirji: Keegan Bradley, Webb Simpson, Ernie Els da Adam Scott, wanda sandarsa Futura X ƙatuwar mai kan guduma ce. Hukumomin biyu, a wannan karon da murya ɗaya, suka hana jinginar daga ranar 1 ga Janairun 2016. Salon riƙo suka hana, ba sandar ba. Wanda aka ƙwace wa madogara dole ya nemi natsuwa a wani wuri, da yawa suka same ta a babban kai.

A wannan shekarar ce Jason Day, yana na ɗaya a duniya, ya fito da jar Spider. Launin ne ya ja ido, amma wuyan sandar ne ya fi muhimmanci. A da yawancin masu kan guduma an daidaita su ne ta yadda in ka ɗora ƙotar a yatsa fuskar za ta kalli sama, abin da ya dace da mai turin da ke kai sanda baya ya dawo da ita a miƙe. Wanda turinsa ke yin ɗan lanƙwasa, kamar yawancin waɗanda suka taso da Anser, sai ya ji tana masa gardama. Gajeren karkataccen wuya irin na sandar Day ya sa babban kai ya riƙa buɗewa da rufewa kamar siriri. Uzurin fasaha na ƙarshe ya faɗi ke nan. Sergio Garcia ya ci Masters ta 2017 da Spider, Dustin Johnson ta 2020, Jon Rahm ya ci ta 2023 da Rossie, McIlroy ya ci ta 2025 da Spider, ya cika cin kowanne daga manyan kofuna huɗu.

Kada dai a zarce. Tiger Woods ya ci 14 daga manyan kofunansa 15 da siririyar sanda guda ɗaya, Scotty Cameron Newport 2, kuma babu wani kan guduma da ya taɓa karanta wa mutum gangaren ƙasa. Ƙwararrun PGA Tour, babban jerin gasannin Amurka, su kansu kusan rabi suke jefawa daga ƙafa 8. Shi ma Scheffler ba sanda kaɗai ya sauya ba, tun ƙarshen 2023 yake aiki da kocin turi Phil Kenyon. Babban kai na kuma da farashinsa: yafiyar da yake yi wa kuskure ita ke ɓoye wa hannu cewa an yi kuskuren, abin da ya sa wasu gwanaye har yanzu ba sa sonsa. Abin da ya sauya shi ne, tun da PGA Tour ta karɓi lissafin Farfesa Mark Broadie na Jami'ar Columbia a 2011, wanda ke auna ribar bugu ko asararsa a kowane turi, ɗan wasa na ganin lambarsa a fili. Da wuya mutum ya riƙe sanda don kyanta alhali lamba na nuna masa kuɗin da take ci masa.

Sabon fagen shi ne na sandunan da ba sa murɗewa a hannu. Wani ƙaramin kamfani a jihar Oregon, L.A.B. Golf, ya gina sunansa kan ƙirar Bill Presse, inda layin ƙota ke ratsa cibiyar nauyin kai, ta yadda fuskar ba ta neman buɗewa ko rufewa da kanta yayin lilo. Ƙota ta koma tsakiya, kuma an sha yi wa siffar kawunan dariya. Lucas Glover, wanda ya shafe shekaru yana fama da rawar hannu a gajeren turi, ya ɗauki doguwar sandar kamfanin a 2023 ya ci gasa biyu a jere a watan Agusta. A Yunin 2025, a ramin ƙarshe na US Open a Oakmont, J.J. Spaun na buƙatar turi biyu daga ƙafa 64 don ya ci kofi, sai ya jefa na farko da samfurin L.A.B. mai suna DF3. Odyssey, TaylorMade da PXG duk sun fitar da nasu irin, kuma wata guda bayan nasarar Spaun kamfanin zuba jari na L Catterton ya sayi kaso mafi rinjaye na L.A.B. a cinikin da rahotanni suka ce ya haura dala miliyan 200.