Wandon Roba na Yara

Wandon roba ɗan wando ne da ruwa ba ya ratsa shi, ana sa wa yaro a kan nafkin ko ƙunzugu domin kada fitsari da kashi su ɓata masa kaya, ko su jiƙa zanen goyo da katifa. Shi kansa ba ya shan fitsari. Wannan aikin ƙyallen da ke ciki ne, nasa tarewa ce kawai. Iyaye da yawa kan ɗora wa wandon laifi idan yaro ya tashi a jiƙe, alhali nafkin ɗin ne ya cika ya tumbatsa.

Asalinsa

Tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu, a Turai da Amurka ana sa wa jarirai wando na ulu da aka saƙa da hannu, ko na roba zalla. Na robar yana tare ruwa sarai, amma yana matse cinya, yana hana iska shiga, har fatar yaro ta saɓe.

A 1946 wata uwa Ba'amurkiya, Marion Donovan, da ta gaji da wankin zanen gado kullum, ta yanka labulen banɗaki ta ɗinka wando da keken ɗinkinta. Daga baya ta koma amfani da yadin nailan irin na lemar da sojoji ke dirowa da ita daga jirgin sama, ta kuma sa maɓalli mai ƙamewa a madadin fil. Ta sa masa suna Boater. Kantin Saks Fifth Avenue na birnin New York ya fara sayar da shi a 1949, a 1951 kuma ta sayar wa kamfanin Keko haƙƙin ƙirƙirar a kan dala miliyan ɗaya. Kusan lokaci guda a Birtaniya, Valerie Hunter Gordon ta ƙirƙiro Paddi a 1947: wando na leda mai maɓalli, a ciki a shimfiɗa auduga da takarda mai laushi da ake zubarwa. Fitowar Pampers daga kamfanin Procter & Gamble a 1961 ce ta fara janye kasuwa daga hannun wandon roba, domin famfas ya haɗa tsotsewa da tarewa a abu ɗaya. Bai dai kashe shi ba. Tsadar famfas, da tarin sharar da yake bari, sun sa iyaye a ƙasashe da dama suna komawa ga nafkin.

Ire-irensa

Mafi araha shi ne na leda, mai roba a ƙugu da cinya, wanda ake zura wa yaro kamar gajeren wando. Shi ne aka fi sani a ƙasar Hausa, ana haɗa shi da farin nafkin mai kama da tawul da babban fil. Ba ya daɗewa: ledar kan bushe ta tsage, galibi daga wajen ɗinki.

Wani da ya yaɗu a kasuwar duniya yadin foliyesta ne da aka manna wa siririyar fatar roba ta ciki, ana kiransa PUL. Yana da laushi, yana ɗan barin tururi ya fita, kuma yana jure wanki. Idan kashi bai taɓa shi ba, ana iya goge cikinsa, a bar shi ya sha iska, a sake sa shi da sabon nafkin.

Akwai kuma na ulu. Shi ba ya toshe ruwa gaba ɗaya. Gashin tunkiya na iya riƙe laima da ta kai kusan kashi 30 cikin ɗari na nauyinsa ba a ji shi a jiƙe ba, man lanolin da ke jikinsa kuma yana korar ruwa. Ya fi kowanne barin iska ta shiga, sai dai yana da tsada, kuma sai an riƙa sabunta masa man.

Yaron da ya fara tafiya

A nan ne wahalar nema take. Yawancin wanduna da ake cewa ɗaya ya isa daga haihuwa har yaye ana ɗinka su ne don yaro mai nauyin kilo 4 zuwa 15 ko 16. Yaro ɗan shekara biyu zuwa uku mai jiki yakan fi ƙarfinsu tun bai daina fitsarin kwance ba, sai a nemi waɗanda aka yi musamman don manyan yara, su kuwa ba kowane kanti ke ajiye su ba.

Fitsarin ma ya sauya. Jariri kaɗan-kaɗan yake yi, amma wanda ya tasa yana riƙewa ya sake shi lokaci ɗaya. Likitocin yara kan ƙiyasta abin da mafitsara ke ɗauka da wani lissafi: a ƙara ɗaya a kan shekarun yaro, a ninka sau mililita 30. Ɗan shekara biyu ke nan kusan mililita 90, ɗan shekara uku 120. Nafkin guda ba ya shanye wannan nan take, shi ya sa da dare ake ninka biyu, sai kuma wandon ya zama mai zurfin da zai rufe su ruf. Ko ɗan bakin ƙyalle ne ya leƙo ta cinya, zai ja ruwa waje kamar yadda lagwani ke jan kananzir.

Saboda haka shekarun da aka rubuta a jikin leda ba abin dogaro ba ne. Abin da ya dace shi ne a auna wurare uku da tef ɗin tela, yaro na sanye da nafkin: ƙugu, kaurin cinya, da tsawo daga cibiya ta tsakanin ƙafafu zuwa ƙugu ta baya. Idan an sa, yatsa ya iya shiga ƙarƙashin robar cinya ba tare da an ga rami ba. Jan shatin da bai ɓace ba bayan an cire alama ce ta matsi. Wando mai roba biyu a cinya ya fi riƙe kashi ga yaro mai guje-guje. Maɓalli kuma ya fi Velcro, wato maɗauri mai mannewa, a wannan shekarun, don ɗan shekara biyu ba ya daɗewa yake gane yadda ake ɓare shi. Wanda ake koya wa zama a fo, mai zurawa ya fi masa, tunda zai iya saɓule shi da kansa.

Inda babu girman da ake so a kanti, tela mai ɗinkin kayan yara na iya kwaikwayon tsohon wando ya ƙara masa faɗi, in dai an samu yadin. Na gwanjo kuwa, a ja robar a gani ko tana komawa, a zuba ruwa a cikinsa a matse a ga ko yana tsattsafowa.

Zafi da lafiyar fata

A wurare masu zafi kamar Sakkwato, Maiduguri ko Yamai, musamman a watannin Maris zuwa Mayu, wandon leda na tara gumi da fitsari a fata, ƙuraje su fito. Maganin farko sauyi ne a kan kari, duk bayan awa biyu zuwa uku da rana, da kuma nan take in yaro ya yi kashi, sannan a bar shi ya sha iska babu komai a jikinsa na ɗan lokaci. Dabarar da iyaye mata suka saba, ta barin yaro da wando kawai da rana a tsakar gida, a shimfiɗa leda a ƙarƙashin zanen gado da dare, ta fi wa fata sauƙi nesa ba kusa ba. Man shafawa mai sinadarin zinc yana kare fata. Ƙurajen da suka yi ja wur a cikin lanƙwasar cinya, ko suka wuce kwana uku ba su lafa ba, ko suka zo da zazzaɓi, na asibiti ne. Ledar cefane ba ta zama madadin wandon roba: tana dafa fata, yaro kuma na iya yage ta ya kai baki ko ya rufe fuska da ita.

Wanki

Na leda da na PUL ana wanke su da ruwa mai ɗumi da sabulu. Tafasasshen ruwa, bilic da dutsen guga suna ɓare robar daga yadi. A shanya su a inuwa, domin rana mai ƙarfi na cinye robar ƙugu da cinya, ko da yake nafkin ɗin kansa ranar yake so. Na ulu da hannu ake wanke shi, ba a murɗawa, a shimfiɗa shi a kwance har ya bushe.