Lambobin da ke jikin ril ɗin kamun kifi: yawan zaren da yake ɗauka

Ril shi ne ɗan injin nan mai hannun juyawa da ake ɗaurawa a jikin sandar kamun kifi, yana sakin zare in an jefa, yana naɗe shi in an juya. A gefen ƙwarƙwaronsa, wato inda zaren ke naɗuwa, kamfani yakan buga wasu ƙananan lambobi biyu-biyu, irin su 6/200, 8/140, 10/120, kusa da su an rubuta lb/yds ko mm/m. Ba lambar kaya ba ce, bayani ne na irin zaren da ril ɗin zai ci da tsawon da zai ɗauka. A Zariya yawanci masunta taru da ƙugiya suka sani, amma ga mai zuwa bakin Galma ko dam ɗin Kubanni ko na Shika da sanda, in ril ɗinsa na gwanjo ne ba kwali ba takarda, to wannan rubutun na jiki shi ne kaɗai jagora.

Lambar farko ƙarfin zare ne, ta biyu tsawo. lb laba ce, kusan giram 454, yds kuma yadi ne, shi dai wannan yadin na tela, santimita 91 da ɗan ɗoriya. Kenan 8/140 na nufin zare mai ƙarfin laba 8, wajen kilo 3.6, zai shiga yadi 140, kimanin mita 128. In ka sa mai laba 10 sai ya koma yadi 120, in mai laba 6 ne ya kai 200. Ba wai duka ukun ake zubawa ba, zaɓi ne, ɗaya za ka ɗauka. Wasu kamfanonin suna juya tsarin su fara da tsawo, shi ya sa ake fara duba haruffan kafin lambobin.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne maganar laba, sai ka ji ana cewa ai ril ɗin ba ya kama kifin da ya wuce kilo 3. Ba haka ba ne. Laba 8 nauyin jan da zaren zai jure ne kafin ya tsinke, kuma ril yana da birki da ake sassautawa ya riƙa sakin zare in kifi ya fizga, don haka mai haƙuri yana iya fito da tarwaɗar da ta fi ƙarfin zarensa nauyi, mai gaggawa kuma ƙaramar karfasa ma sai ta tsinka masa in zaren ya goge a dutse.

Tsarin mm/m, wanda kayan Turai suka fi zuwa da shi, kaurin zare yake faɗa da milimita sannan tsawo da mita, kuma a ganina ya fi gaskiya, domin ƙwarƙwaro bai san ƙarfi ba, kauri ya sani. Zare biyu duk a rubuta musu laba 10 amma kaurinsu ya bambanta. Lissafin kuma ba kai tsaye yake tafiya ba, in kauri ya ninka biyu tsawon da zai shiga ba rabi yake komawa ba, kashi ɗaya cikin huɗu ne. Misali ril mai 0.25/160, ka zuba masa zare 0.35, abin da zai ci bai fi mita 82 ba.

Ril ɗin Japan irin su Shimano da Daiwa sau da yawa suna da layi na uku mai PE, wannan na zaren saƙa ne, wanda ya fi na lailon siranta nesa ba kusa ba, mai laba 20 kaurinsa kusan na lailon mai laba 6 ne. Lambar PE ita ma kauri ce, PE 1 kusan milimita 0.165, PE 4 kusan 0.33. Saboda sirantar, kuma ga tsada, ana fara shimfiɗa lailon a ƙasa sannan a ƙulla na saƙa a kai, yana cike gurbi kuma yana hana shi zamewa a jikin ƙarfe.

Babbar lambar da ake gani a jikin ril, irin su 1000, 2500 ko 4000, girman ril ne kawai, kuma 2500 ɗin wannan kamfani ba lallai ya yi daidai da na wancan ba.

Wajen cikawa ba a bin lambar ido rufe, ana barin kamar milimita 2 zuwa 3 tsakanin zare da leɓen ƙwarƙwaro. In ya cika fal zaren zai zubo ya cukuikuye a jifan farko, in ya yi ƙasa sosai yana gogar leɓe jifa ba ta nisa.