Yaranmu na Zango da karatu da harshen da ba na gida ba: tambayoyi da amsoshi

Ina koyarwa a Kumasi, kuma iyaye daga unguwannin Aboabo da Asawase ba su daina tare ni da tambayoyi iri ɗaya ba, shi ya sa na rubuta amsoshin a nan.

Malam, mene ne wannan tsarin karatu da harshen da ba na gida ba?

Shi ne a koyar da yaro komai, lissafi da kimiyya har da wasa, da harshen da ba a yi a gidansu. Ya shahara daga Kanada a 1965, lokacin da iyaye masu Turanci a lardin Kebek suka nemi a koyar da ’ya’yansu da Faransanci. Mu kuwa mun daɗe a cikinsa, domin Hausa ba ta cikin harsunan da gwamnatin Gana ta amince a koyar a makarantu.

Yarona zai manta Hausa?

Idan kuna yi masa ita, ba zai manta ba. Ku ne kuke yi masa guntun Turanci a gida, sannan ku zo kuna kuka da makaranta.

Yarona ya fara kallon kakarsa cikin ido, ya kuma daina durƙusawa idan zai gaishe ta. In tsawata masa?

Hajiya, kada ki yi gaggawa, domin mai yiwuwa ba rashin kunya ba ne. A aji, malama takan ce masa ya dube ta idan tana magana, ta kuma ɗauki sunkuyar da kai a matsayin alamar rashin gaskiya, alhali a gidanmu sunkuyawar ita ce ladabi. Yaro ɗan shekara shida bai san cewa kowane wuri da nasa ba, sai an faɗa masa. Saboda haka ki zaunar da shi ki bayyana masa, ba tare da kin kushe malamarsa ba, domin idan kika ce tata hanyar banza ce, kin sa shi zaɓi tsakaninku, kuma ba lalle ne ya zaɓe ki ba. Ki durƙusa ki gaida tsohuwar a gabansa. Amma idan ya kai shekara goma, an yi masa bayani sau da yawa, kuma kin lura yana jin kunyar gaisuwar ne musamman a gaban abokansa, to magana ta sake, sai mahaifinsa ya shigo ciki, wataƙila ma ku je ku ga malamar tare.

Hausa da Turanci da Twi (harshen Asante), ga Larabcin makarantar allo, ba su yi masa yawa ba?

A’a. Ku kwantar da hankalinku.

An ce ya sa kente, tufafin gargajiyar Asante, ranar al’adu. Mu yarda?

Ku yarda, domin a ƙasar Asante yake zaune, kuma ya kamata ya san fadar Manhyia ta sarkin Asante da ladubban maƙwabtansa. Sai dai ku roƙi shugaban makarantar ya ba yaran Zango nasu lokacin, su zo da babbar riga da hula, su gaida ’yan ajinsu da Hausa.